Karatu a kan mutanen Taiwan: Taipei, Landan ko Jamus, ina ya fi?

Wanda ya ƙudurta yin digiri na biyu ko na digirgir a kan mutanen Taiwan, tarihinsu da zamantakewarsu da siyasarsu, ƙofofin da ke gabansa ba su da yawa. Ko ya tafi tsibirin kansa, ko Landan, ko Jamus, ko Amurka, ko kuma ya je babban yankin Sin ya hango Taiwan daga can. Ba sai na ɓoye ba, Jami'ar Chengchi da ke Taipei nake nuna wa duk wanda ya nemi shawarata. Amma kafin a kai ga sunan makaranta akwai tambayar da ke raba gardama: wane zamani kake son bincika? Zamanin ne ke zaɓa maka harshe, harshen kuma ya zaɓa maka gari.

Hannuwa da yawa sun riƙe wannan tsibiri, kowane kuma da harshensa ya rubuta takardunsa. Kamfanin 'yan Holan ya yi mulki daga yankin Tainan tsakanin 1624 da 1662, kuma mafi yawan abin da ya bari yana ajiye a birnin Hague cikin tsohon harshensu. Daular Qing ta Sin ta riƙe shi daga 1683 zuwa 1895, takardunta da tsohon Sinanci. Daga nan Japan ta karɓa har 1945, shekara 50 cur, kuma takardun fadar gwamnan mulkin mallaka suna gundumar Nantou da Japananci. Sai zamanin jam'iyyar Kuomintang, wadda ta zo daga babban yankin Sin: kisan da ya biyo bayan tarzomar 28 ga Fabrairun 1947, da dokar soja da ta kama daga 1949 ba a ɗage ta ba sai 1987. Wanda yake son hira da tsofaffin kudu a kan waɗannan shekaru zai tarar da yawansu sun fi sakin jiki da harshen Hokkien, ba Sinancin makaranta ba. Ga masu harshen Hakka, ga ƙabilun asali 16 da hukuma ta amince da su, waɗanda harsunansu dangin na Malesiya da Madagaska ne. Don haka duk manhajar da ta ce maka da Turanci kaɗai za ka zama masanin tarihin Taiwan, romon baka take yi maka. Siyasar yau ce kawai ake iya farawa da Turanci, ita ma farawa ce.

To me ya sa Chengchi? Asalinta ma abin nazari ne. A Nanjing aka kafa ta a 1927 a matsayin makarantar horar da 'yan jam'iyyar Kuomintang, aka sake buɗe ta a Taipei a 1954. Yau ita ce ke da Cibiyar Nazarin Zaɓe wadda tun 1992 take yi wa jama'a tambaya guda ba fashi: kai ɗan Taiwan ne, ko ɗan Sin, ko duka biyun? A shekarar farko kashi 17.6 cikin 100 ne suka ce su 'yan Taiwan ne zalla. Tun 2020 adadin ya haura kashi 60. Wannan jadawalin da kake gani a rahoton kowace jarida idan ana maganar rikicin mashigin Taiwan, daga harabar nan yake fitowa, kuma ɗalibi na iya zama a ajin malaman da ke tattara shi, ya tambaye su yadda suke tsara tambayar da yadda suke zaɓen waɗanda za a tambaya. Ga mai nazarin siyasa wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce.

Akwai manhajar digiri na biyu kan yankin Asiya da Fasifik da ake koyarwa da Turanci, akwai ta digirgir, kuma Taiwan na cikin ginshiƙanta. Idan harshenka ya nuna, akwai cibiya ta musamman ta tarihin Taiwan da sashen nazarin ƙabilu, su da Sinanci ake yi. Abin da ya fi burge ni shi ne mutum na iya shiga da Turanci, yana ɗaukar darasin harshe a gefe, a shekara ta biyu ya fara leƙa azuzuwan 'yan gida. Jami'ar ma tana da sashen Larabci, don haka wanda ya yi Islamiyya ba zai rasa abokin hira ba.

Tana unguwar Muzha, a gindin tsaunukan shayi na Maokong. Jirgin ƙasa na cikin gari yana sauke ka a tashar gidan namun daji, bas ta ƙarasa da kai. Rabin harabar a kan tudu take, kullum kana hawa da sauka. Ruwan sama kuwa ba a cewa komai; ka bar takalmin fata a kabad mako biyu, ka dawo ka same shi da fumfuna. Na'urar tsotse danshi tana cikin kayan farko da ɗalibi ke saya. Juma'a sai an shiga cikin gari, Babban Masallacin Taipei da aka buɗe a 1960 yana daura da lambun Daan. Abinci kuma a yi hattara, don kitsen alade yana shiga har abin da ba ka zata ba. Mafitar da ɗalibai Musulmi suka gano ita ce gidajen abincin mabiya Buddha da ba sa sa nama, inda kake zuba abin da kake so a faranti a auna a sikeli, sai kuma shagunan 'yan Indunusiya da ke kewayen babbar tashar jirgi.

Babban amfanin zama a Taipei shi ne Academia Sinica, cibiyar bincike ta ƙasa da ke Nangang. Ba jami'a ba ce, amma tana da Cibiyar Tarihin Taiwan da ta tsaya da ƙafarta a 2004, da rumbun takardun iyalai da littattafan tarihin rayuwa na zamanin Japan, kuma ita ke gudanar da binciken sauyin zamantakewa tun tsakiyar shekarun 1980. Ɗalibin Chengchi zai je can da safe ya dawo da yamma. Tsohon kurkukun soja na Jingmei, wanda yanzu gidan tarihin haƙƙin ɗan Adam ne, shi ma bai da nisa. Idan shekarar zaɓe ce kuwa, gangamin jam'iyyu a titi za ka tsaya ka gani da idonka.

Jami'ar Taiwan ta Ƙasa, wadda Japanawa suka kafa a 1928, ta fi Chengchi suna, kuma sashen tarihinta ba wasa, sai dai wanda bai iya Sinanci ba zai sha wuya. Jami'ar Cheng Kung ta Tainan ta dace da mai son adabi da tarihin kudu.

SOAS ta Landan, makarantar nazarin Asiya da Afirka, wadda Hausawa suka daɗe da sani saboda koyar da Hausa, tana da cibiyar nazarin Taiwan tun 1999, Dafydd Fell ya daɗe yana jagorantarta, kuma ba ta rabo da baƙin malamai da 'yan siyasa. Ilimi akwai. Amma digiri na biyu a can shekara guda ne, kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam dubu 20, ban da hayar Landan, kuma za ka gama ba ka taka Taiwan ba. Cibiyar nazarin Taiwan ta Jami'ar Tübingen a Jamus, da aka buɗe a 2008, ta masu digirin digirgir ce da suka riga suka san inda suka dosa. Amurka sai mai shekara biyar zuwa bakwai a hannu. Jami'ar Xiamen tana da cibiyar nazarin Taiwan tun 1980, mai ɗimbin ma'aikata, amma akwai sakamakon binciken da ba za ka iya rubutawa a can ba, kowa ya sani. A yi adalci dai: cibiyoyin Turai da Amurka da yawa su ma da kuɗin Taipei suke tafiya. Ka tambayi wa ke biya kafin ka haɗiye abin da aka gaya maka.

Batun kuɗi. Tallafin Ma'aikatar Ilimi ta Taiwan ya daɗe yana biyan kuɗin makaranta har dalar Taiwan dubu 40 a zango, da dubu 20 a wata ga ɗalibin digiri na biyu ko na digirgir. A Taipei wannan zai riƙe ka idan ka samu ɗaki a makaranta, ba zai bar maka na aikawa gida ba. Akwai tallafin Huayu na koyon harshe zalla, kuma ni da za a bi tawa, da shi za a fara. Malaman jami'a da masu rubuta kundin digirgir suna da na Ma'aikatar Harkokin Waje, na zaman bincike daga wata uku zuwa shekara. Na Ma'aikatar Ilimi galibi daga farkon Fabrairu zuwa ƙarshen Maris ake nema, ta ofishin wakilcin Taiwan. Na Najeriya yana Legas, tun bayan da gwamnati ta ce ya bar Abuja a 2017. Nijar ta yanke hulɗa da Taipei a 1996, Chadi a 2006, don haka ɗalibin can ya fara binciken ofishin da ke kula da ƙasarsa kafin komai. Ofishin jakadancin Sin ba ya ba da bizar Taiwan, kada wani ya tura ka can.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Neman wannan tallafi kyauta ne. Babu wani ejan da ke da kaso a ciki, babu wanda aka ba gurabe ya raba. Wani ejan ya karɓi kuɗin ƙanena, kuɗin da aka sayar da fili aka haɗa, ya miƙo masa takardar samun gurbi mai tambari ja da sa hannu har biyu. Da aka nuna wa wanda ya iya harshen, kallo ɗaya ya yi mata ya ajiye: da sauƙaƙan haruffan babban yankin Sin aka rubuta ta. Taiwan tsofaffin haruffa masu yawan zane take amfani da su, kuma babu jami'ar can da za ta buga sunanta da waɗancan. Ga wata alamar. Takardun hukuma na Sinanci a Taiwan yawanci da kalandarsu ake sa kwanan wata, wadda ke farawa daga 1912, shi ya sa 2024 take zama shekara ta 113. Adireshin imel na jami'a kuma da edu.tw yake ƙarewa. Wanda ya rubuto maka daga Gmail yana cewa shi magatakarda ne, ka rufe shafin. Kuɗin ƙanena dai har yau ana zuwa gobe.

Wannan ma damfarar gida ce, mai sauƙin ganewa. Wadda ta fi muni ita ce wadda takardar ta gaskiya ce, makarantar ma akwai ta. Haihuwa ta ragu ƙwarai a Taiwan, ƙananan jami'o'i masu zaman kansu sun rasa ɗalibai, wasu suka haɗa baki da dillalan ƙwadago. A Janairun 2022 'yan jarida suka tona yadda aka kai ɗalibai daga Uganda Jami'ar Chung Chou da ke Changhua da alkawarin tallafi da karatu da Turanci. Suka tarar da darussa da Sinanci, ga bashi a wuya, ga aikin masana'anta dare da rana. Hukuma ta hana jami'ar ɗaukar baƙi, daga baya ta rufe. Kafin nan, a 2018, an samu ɗaliban Sri Lanka da aka tura aiki mayanka. Doka ta ba ɗalibi baƙo awa 20 ne kawai a mako lokacin zango, shi ma sai da izinin aiki. Duk wanda ya ce maka ka zo kawai, aiki zai biya karatun, ba ɗalibi yake nema ba, lebura yake nema. Kuma kada ka taɓa miƙa fasfonka ga kowa da sunan ajiya.

Ko a makarantun kirki akwai ƙaramin tarko. Shafin intanet zai ce manhaja da Turanci take, ka je ka tarar darasi biyu ne kawai. Ka nemi jadawalin zangon da ya wuce, ba ƙasidar talla ba, ka ƙirga darussan da suka shafi Taiwan, ka duba ko malamin da kake so ya duba kundinka yana nan ko ya tafi hutun bincike. Sannan jarrabawar harshen da Taiwan ta sani ita ce TOCFL. Wanda ya yi HSK, jarrabawar Sinanci ta babban yankin Sin, a cibiyar Confucius ya san haruffan Taiwan ba irin waɗanda ya koya ba ne, zai buƙaci watanni kafin idonsa ya saba, kuma ya fara tun yana gida ya fi masa arha.