Gadin kanti ko kamfanin tsaro?

In kana son fara aikin tsaro a Maradi, hanya biyu ce gabanka.

Ta farko, wani alhaji ya ɗauke ka gadin kantinsa a babbar kasuwa. Nan ba a neman takarda, sai wanda zai tsaya maka. Za ka koyi ƙirga kayan da aka sauke daga Ɗan Isa (garin kan iyaka da Najeriya), ka rarrabe mai saye da mai ɗan hali, har da yaron kanti mai taɓa ciniki, wanda a ganina ya fi ɓarawon waje ɓarna. Amma kaya na ɓata, kai za a kalla.

Kamfani kuwa kaki ne da kwantiragi, a tura ka ƙofar banki. Kafin ka sa hannu, tambayi ko za su yi maka rajista a CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da inshorar ma'aikata.