Wasiƙa daga Aachen, garin da ke bakin iyaka uku

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ya kasuwa? Na saurari saƙon muryarka, inda ka ce kun kwana biyu a boda da motar albasa, har buhunan ƙasa sun fara ruwa. Ka tambaye ni ko nan ma haka ake yi, ka kuma ce in daina ba ka amsa guntu-guntu. To ga ta a rubuce, ka karanta idan ka tashi daga kasuwa.

Aachen a ƙarshen Jamus take ta yamma, zamanta irin na Jibiya ne, sai dai ita maƙwabta biyu gare ta, Holan da Beljiyam. A satina na farko na hau bas, na riƙe fasfo a aljihun gaba ina jiran inda za a ce a sauko. Ban ankara ba sai na ga rubutun alluna ya canza, lambar motoci ta koma rawaya. Ashe har mun shiga Vaals, cikin Holan. Ba ganga, ba igiya, ba katako mai ƙusoshi, ba mai leƙo kai ya ce "me aka kawo mana?" Akwai ma wani titi tsakanin Herzogenrath da Kerkrade, gidajen gefe ɗaya Jamus, na ɗaya gefen Holan. Mutum ya tsallaka ya sayo burodi, ya dawo ƙasarsu shayinsa bai huce ba.

Kada ka ɗauka farashi ɗaya ne ko'ina. Kowace ƙasa da nata haraji. Mutanen Holan suna zuwa nan su cika tanki, su kwashi sabulu da man shafawa da man goge baki, don sun fi araha a Jamus. Mu kuma ranar Lahadi, da yake doka ta hana buɗe shaguna a Jamus, sai mu gangara Vaals mu yi cefane. Kuɗin ɗaya ne, yuro, tun 2002 suke kashe shi a hannu, don haka babu ɗan canji a bakin hanya da ƙunshin kuɗi a hammata. Abin da za a kira mutum ɗan sumoga a kansa a wajenmu, nan sunansa cefane.

Wani tsoho da muke aiki tare a sito ne ya ba ni labarin da ya sa na zauna rubuta maka. Ya ce in daina ganin su haka, su ma sun yi zamanin fasa-ƙwauri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta ɗora wa kofi haraji mai nauyi a Jamus, a Beljiyam kuwa yana da arha. Sai duk ƙauyukan bakin iyakar nan suka koma harkar. Maza da mata, har yara 'yan makaranta, suna bin daji da dare da buhu a ka, kwastan na bin su da karnuka da bindiga, an rasa rayuka ba kaɗan ba. Akwai wani coci a ƙauyen Schmidt da yaƙi ya rusa, aka sake gina shi da gudummawar 'yan fasa-ƙwauri, har yau mutane suna tsokanarsa da sunan kofi. Na ce masa to me ya kawo ƙarshen abin, ƙarin jami'ai? Ya yi dariya. A 1953 gwamnati ta rage harajin, riba ta gushe, kowa ya koma gona.

Wallahi Yaya, ina jin haka sai jarkokin mai suka faɗo min a rai. Shekara nawa ana kamawa, ana kwacewa, ana ƙona babura, ba a fasa ba? Da aka cire tallafin mai a 2023, kai da bakinka ka ce min harkar ta yi sanyi. Ita kuwa shinkafa, an rufe boda tun Agustan 2019 har Disambar 2020, kuma kowa ya san ba ta daina shigowa ba, tsada kawai ta ƙara da yawan hannun da za a cika.

Su waɗannan mutane da kaya suka fara haɗin kansu. A 1951 ƙasashe shida, Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya da Beljiyam da Holan da Luksambur, suka haɗa harkar kwal da ƙarfe ƙarƙashin hukuma guda, shekara shida kacal bayan sun gama kashe juna. Dabarar ita ce da kwal da ƙarfe ake ƙera makami, in an haɗa rumbun ba mai iya shirya yaƙi a ɓoye. Daga nan aka yi yarjejeniyar Rum ta haɗa kasuwa a 1957, aka zo ta Schengen ta buɗe iyakoki a 1985, wadda sai a 1995 ta fara aiki, aka kwashe shingaye. Yau Tarayyar Turai ƙasa 27 ce. Abin da ya ba ni haushi da na lissafa shi ne a takarda mun riga su. An kafa ECOWAS a Legas a 1975, zamanin Gowon da Eyadema, kuma tun 1979 aka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa zai shiga ɗayar ba biza ya zauna kwana 90. Ka ga kafin Schengen da shekara shida. Amma kai ka fi ni sanin shinge nawa ne daga Katsina zuwa Maraɗi, da abin da ake ajiyewa a kowanne.

Bari in zo kan ƙananan abubuwa, don a nan ake jin daɗin. Layin wayata na Jamus, in na shiga Holan ko Faransa ko Sifen, kira da data kuɗinsu ɗaya da na gida. Tun Yunin 2017 suka hana kamfanoni ƙarin kuɗin tsallaka iyaka. Na tuna wayarka mai layi biyu, da yadda kake hawa tudu a Ɗan Isa kana neman sabis ɗin Najeriya. Tura kuɗi daga asusuna zuwa na wani a Beljiyam daidai yake da tura wa maƙwabcina, ba a cire min komai na daban. Kai kuwa sai ka sayar da naira ka sayi sefa, ka yi asara a shiga ka yi a fita, kuma kuɗin bai-ɗaya da ake ce wa Eco tun muna makaranta ake ɗaga ranarsa, yanzu an kai shi 2027. Wani abin dariya, sefar da ke aljihunka da yuro aka ɗaure ta, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Wato ni da ke nan na fi ka sauƙin lissafi da Maraɗi.

Kaya kuma, duk sabon abin da ka saya yana da garantin shekara biyu bisa doka, ko a wace ƙasar Tarayyar ka saye shi. In ta intanet ne, kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Na sayi injin markaɗe daga wani shago a Holan, ya mutu bayan wata bakwai, na aika musu, suka turo sabo. Ba rantsuwa, ba "ai lafiya lau ka tafi da shi". Hatta bakin caja sun tilasta wa masu ƙera waya su yi iri ɗaya tun ƙarshen 2024.

To amma haɗin kan nan ƙofa ɗaya gare shi, in ta rufe maka ta rufe ko'ina. Kilishin da Inna ta ƙulla min bai wuce filin jirgi ba, don an hana matafiyi shigo da nama ko madara daga wajen Tarayyar, kuma ba wata ƙasa cikinsu da za ka zagaya ta ciki. Waken Najeriya busasshe ma a 2015 suka hana shi saboda maganin ƙwarin da ake zuba wa buhu, hukunci guda ya rufe mana kasuwar nahiya. Gero da kuka da daddawa sai a shagunan 'yan Afirka, ƙullin da Inna za ta ba almajiri sadaka shi ake sayarwa da tsada. Nama na halal wajen Turkawa muke saya, yana da tsabta, amma ba ya kama ƙafar na Jibiya a ɗanɗano.

Duk abin da hannun mutum zai taɓa kuwa wuta ne. Aski, ɗinki, gyaran takalmi, gara ka sayi sabo. Likitan ido na nema, aka ba ni rana bayan wata uku. Jirgin ƙasa yana latti fiye da yadda ake ba mu labari a gida, kuma kowace magana da hukuma sai ta wasiƙa a akwatin gidan waya, kamar zamanin Baba. Sannan tun Satumbar 2024 Jamus ta dawo da bincike a iyakokinta saboda maganar baƙin haure. Ba kullum ba ne, amma in 'yan sanda suka shigo tarago na san wajen wa za su fara. Takardar zamana tana jikina ko masallaci zan je. Su ma suna rigima a tsakaninsu, ka ga Birtaniya ta fice a 2020.

Rigimar tasu ce ma na fi sa wa ido. Da suka saɓa da gwamnatin Hangari kan shari'a da cin hanci, kuɗin da ake ba gwamnatin suka riƙe. Ba su rufe wa ɗan kasuwa hanya ba, ba su yanke wa asibiti wuta ba. Mu da aka yi juyin mulki a Yamai a Yulin 2023, boda aka rufe aka kashe lantarki, wanda ya ji a jikinsa kuwa irinka ne da su kawu a Maraɗi, garin da har yau sarkinsa Sarkin Katsina ake ce masa. Ba ina wanke sojoji ba ne, ka san ra'ayina. Amma da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, na ji mutane da yawa a can suna murna, kuma na gane dalili: ƙungiyar ba ta taɓa cire musu shinge ko ɗaya da za su tuna ta da shi ba.

Albasarka ma ta sa na lura da wani abu. Holan ƙaramar ƙasa ce, amma jiragen ruwa suna kwasar albasarta zuwa Dakar da Abijan, ta isa garau cikin kwantena. Ta Galmi, wadda ta fi ta yaji da ƙamshi, tana bisa tirela cikin rana tana jiran hatimi. In ka ga ta Holan a nan, manya ce jajir ko fara, buhu-buhu iri ɗaya kamar an auna, sai ka yanka uku kafin miya ta san an sa albasa.

Ka faɗa min inda aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya kai, ko an fara shimfiɗa ƙarfe ta wajenmu, don hotunan da nake gani a Facebook ban yarda da su ba. Na turo ɗan abin da ya samu, ka cire na maganin Inna tukuna, sauran ka rage asarar albasar. In yaron nan zai taso wata mai zuwa a ba shi kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, amma don Allah kada a sake sa kilishi, ko Inna ta matsa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka.