Faifan gwaggonni masu guba: na 1962 kaɗai ya biya kuɗina

Tun ina koyarwa a makarantar 'yan mata nake ƙulafucin wasan nan na Joseph Kesselring, Arsenic and Old Lace. Na karanta shi a takarda, fim ɗinsa na 1944 kuwa na kalle shi har kaset ɗin ya fara taune zare. Abin da ban taɓa gani ba shi ne Boris Karloff a ciki, alhali saboda fuskarsa aka gina rabin barkwancin. Bara ɗan ƙanwata da ke karatu a Amurka ya kira ni ya ce, "Inna, na ga wani mai sayar da tsofaffin shirye-shiryen talabijin a intanet, yana da faifai ɗaya mai ɗauke da na 1962 da na 1969." Na ce masa kada ya tsaya ciniki.

Bari in fara da ƙorafi in huta. Faifan ya iso cikin farar ambulan, ba kwali, ba hoto, an dai rubuta sunan wasan da maka a bayansa. Babu rubutun magana a ƙasan allo, ga mutanen nan da saurin baki. Na 1962 baƙi da fari ne, hoton ya yi dishi-dishi kamar safiyar hunturu, akwai kuma wata 'yar ƙara da ke bin muryoyin tun daga farko har ƙarshe. Na 1969 mai launi ne, ya fi tsabta, sai dai ya kan maƙale ana saura kaɗan a gama, sai na fitar na goge da gefen zani. Wanda yake son kaya mai ƙyalli ya riƙe kuɗinsa.

Ga wanda bai san labarin ba: wasu tsofaffi biyu ne 'yan uwan juna, Abby da Martha Brewster, a unguwar Buruklin ta birnin Niyok. Kowa ya shaide su da kirki, masu kai wa marar lafiya romo, 'yan sandan unguwa ma gidansu suke yada zango. Sai dai in dattijo marar kowa ya zo neman ɗakin haya, tausayinsa ya kan kama su, su zuba masa giyar da suka haɗa da hannunsu, an gauraya ta da guba kala uku. Ɗan ɗan'uwansu Teddy, wanda ya yi imani shi ne shugaban Amurka Theodore Roosevelt, shi ke binne gawar a ɗakin ƙasa, a zatonsa mashigin ruwan Panama yake haƙawa, mamatan kuma ciwon shawara ne ya kashe su. Mutum 12 suka sallama a haka. Mortimer, shi ma ɗan ɗan'uwansu, mai sharhin wasanni a jarida, shi ne ya ɗaga murfin akwatin da ke gindin taga ya ci karo da na ƙarshen, a daren da ya tsayar da maganar aurensa. Kafin ya farfaɗo, sai ga yayansa Jonathan, ɗan ta'adda, shi ma da gawar wanda ya kashe a mota.

To a nan Karloff ya shigo. Likitan Jonathan, mashayi ne, ya yi masa tiyatar sauya kama yana cikin maye, fuskar ta fito irin ta Boris Karloff, dodon finafinan ban tsoro. Duk wanda ya faɗa masa haka, ransa ya ɓaci. Har kisa ya yi a kan wannan magana. Da aka buɗe wasan a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta Niyok, a watan Janairun 1941, Karloff ɗin da kansa ne ya fito a Jonathan. An yi wasan sau 1,444. Da aka zo fim, masu wasan dandamali suka ƙi sakinsa don kada kasuwarsu ta faɗi, aka ba Raymond Massey, aka yi masa kwalliyar tabo. Massey ya yi ƙoƙari, amma mai kama da wane ba wane ba ne.

A na 1962, wanda tashar NBC ta nuna a shirin Hallmark Hall of Fame, Karloff yana da shekara 74. Tsufa ya bayyana a tafiyarsa. Muryar nan dai tana nan, a hankali, cikin ladabi, kamar mai yi maka ta'aziyya tun kana raye. Da ya zo wurin faɗin dalilin da ya sa ya kashe mutumin da ke mota, bai ɗaga murya ba, bai kashe wa mai kallo ido ba. Malam, da ya zauna kusa da ni yana ta mitar na hana shi jin labarai, sai da ya ajiye rediyo. "Hajiya, wai shi ne shi ɗin?" Na ce shi ne. Ya yi dariya har da tari.

Tony Randall ne Mortimer, kuma na fi son sa a kan Cary Grant na fim ɗin 1944, ko da za a ce na yi saɓo. Grant zare ido yake yi yana tsalle-tsalle, shi kuwa Randall mutum ne mai son tsari da ya ga duniya ta kife masa. Tom Bosley shi ne Teddy mai busa ƙaho yana rugawa saman bene. Amma ginshiƙin wasan gwaggonnin ne, Dorothy Stickney da Mildred Natwick. Wasan nan ba ya tsayuwa sai tsofaffin sun gaskata har zuci cewa sadaka suke yi. Da zarar 'yar wasa ta nuna ta san abin dariya ne, an zubar da miyar. Su biyun ba su nuna ba. Yadda suka ɓata rai don an kawo musu gawar baƙon da ba su sani ba, za a haɗa ta da nasu bayin Allah da suka yi wa addu'a, ya tuna min da wasu dattijai mata da na sani, masu tsantseni a kan ƙaramin abu.

Na 1969 na tashar ABC ne, an nuna shi a shekarar da Karloff ya rasu. A takarda ya fi taurari: Helen Hayes da Lillian Gish, wadda ta fara fim tun zamanin da ba a jin magana. Kallon su biyun kaɗai abin so ne. Matsalar, an ce sai an zamanantar da labarin, aka mai da Mortimer mai sharhin talabijin, aka ba Bob Crane, wanda yake wasan kamar yana jiran a tafa masa. Fred Gwynne ne Jonathan, dabara ce mai kyau tunda an san shi da fitowa a dodo a shirin barkwancin talabijin The Munsters, sai dai dodon nasa na yara ne, ban ji tsoronsa ko sau ɗaya ba. In ba ka ji tsoron Jonathan ba, me zai sa ka yi mamaki da tsofaffin suka yi kunnen doki da shi a yawan kisa, 12 da 12?

Abin da ya tsaya min a rai shi ne na 1955 na tashar CBS, inda Karloff ya haɗu da Peter Lorre a matsayin likitan, ga Helen Hayes da Billie Burke a gwaggonni. Ba ya cikin faifan. Na sa yaron ya tambayi mai sayarwa, har yau shiru.

Wanda ya san wasan, ya saya don na 1962, ya ɗauki na 1969 a matsayin gyara. Wanda bai san shi ba, ya fara da fim ɗin 1944 tukuna, don hazon faifan nan zai iya korarsa. Ni dai na sa an kwafe min na 1962 a kwamfuta kafin shi ma ya fara maƙalewa.