Gargaɗi ga masu shirin zuwa nutso a tekun Malta

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mu mazauna Turai da na gida masu shirin fitowa hutu. Akwai wani shafi a Instagram da ke tallan yawon buɗe ido zuwa Malta: masauki na kwana biyar, fita a kwale-kwale, iyo da tabarau da bututun numfashi a Blue Lagoon na tsibirin Comino, sannan nutso da tukunyar iska har a ba mutum takardar shaida. Don Allah kada wanda ya tura musu ko sisi. Mu huɗu ne suka damfara, kowannenmu yuro 250 na kafin alƙalami. Ƙanen abokinmu kuwa da ke Kano, nasa ya fi namu ciwo, domin shi har biza suka ce za su nemo masa.

Mutumin yana da daɗin baki. Kowane saƙo da sallama yake farawa, yana ce mini ɗan'uwa, yana cewa ya tanadi abincin halal da lokutan salla. Da haka ya saye mu. Da muka zo biya sai ya ce na'urar katinsu ta samu matsala, mu tura ta banki kafin dare saboda gurbi huɗu kaɗai suka rage. Sunan da ke kan asusun na mutum ɗaya ne, ba na kamfani ba, kuma lambar IBAN ɗin, wato lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa, ba da MT ta fara ba, alhali duk asusun Malta da waɗannan haruffa biyu yake farawa. Na gani da idona, na tambaya, ya ce asusun akawunsu ne. Bayan kwana tara ya toshe mu duka.

Tikitin jirgi mun riga mun saya da kanmu, saboda haka muka tafi. A Gozo, ɗaya daga cikin tsibiran Malta, na shiga wani shagon masu nutso na gaskiya, na miƙa wa malamin wayata ya duba tallar. Dattijo ne, rana ta ƙone masa fuska, yana wanke kayan numfashi a cikin baho. Ya goge hannu, ya ƙura wa hoton farko ido, ya ce wannan dutsen mai ƙofa a tsakiya ai Azure Window ne, kuma tun watan Maris na 2017 guguwa ta rusa shi ya faɗa teku. Su kuwa sun rubuta cewa za su kai mu mu ɗauki hoto a ƙarƙashinsa. Da ya karanta sauran jadawalin sai fuskarsa ta canza. Ya ce mu gode Allah da kuɗin kawai suka ɗauka.

Ga abin da ya tayar masa da hankali. Sun yi alƙawarin takardar shaidar nutso a yini ɗaya. Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso tana ba su shaida, wanda ake kira Open Water, yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu: akwai karatu, akwai atisaye a ruwa marar zurfi, akwai nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa tare da malami. Kafin a ba ka takardar ma sai an ga ka yi iyo na mita 200, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Biyu daga cikinmu ba su iya ruwa ba sam, kuma babu wanda ya tambaye su. Babu wanda ya ba mu takardar tambayoyin lafiya, wadda ake cikewa don a san ko mutum yana da asma ko ciwon zuciya ko matsalar kunne.

Sannan sun ce rana ta biyu za a sauke mu kan Um El Faroud. Jirgin dakon mai ne na Libiya da aka nutsar da gangan a 1998 kusa da Wied iż-Żurrieq a kudancin Malta, yana kwance a zurfin kusan mita 36. Wanda ya gama Open Water iyakarsa mita 18, mai gwajin yini ɗaya kuwa ba ya wuce mita 12. Nutson ƙarshe kuma sun sa shi da yamma, jirginmu na komawa da asuba. Dattijon ya ɗauko kwalbar lemo, ya girgiza, ya ɗan murɗa murfin, kumfa ta taso. Ya ce haka iskar naitirojin take yi a jinin mai nutso idan ya haura da sauri, ko ya hau jirgin sama kafin ta gama fita. Tana iya shanye wa mutum ƙafafu, tana iya kashewa, maganinta kuma sai an sa shi a ɗakin matsin iska irin na asibitin Mater Dei da ke Malta. Shi ya sa ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ce kafin hawa jirgin sama a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa.

Wannan ne ya hana ni barci a daren. Mu namu ɓarawon guduwa ya yi. Amma akwai wanda zai karɓi kuɗin kuma ya zo da kwale-kwalen haya da tsofaffin tukwane, ya zuba mutanen da ba su san komai ba a teku. Shi ya fi wancan haɗari.

Tantancewar ba ta da wuya. Shagunan nutso a Malta suna aiki da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, ka nemi lambar. PADI da SSI, wata ƙungiyar irinta, suna da jerin cibiyoyinsu a shafukansu na intanet. Idan ba ka ga sunan a can ba, ka bar shi. Ka biya da kati, domin bankinka zai iya bin kadin kuɗin. Namu da muka tura kai tsaye, banki ya ce zai gwada, har yau shiru.

Batun biza kuma, 'yan uwa na gida, babu wani shagon nutso da ke bayar da bizar Shengen, wadda ake shiga Malta da ita. Ofishin jakadanci ne yake yanke hukunci, kuɗinta yuro 90 ne tun 2024, kuma ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Yaron nan na Kano ya tura musu hoton fasfonsa da takardun bankinsa, yanzu fargabarsa abin da za su yi da su.

Mun kai ƙara wajen 'yan sanda a Malta, mun kuma kai rahoton shafin, aka rufe shi. Shekaranjiya na sake ganinsa da sabon suna, da lambar waya daban, amma hoton farko bai canza ba: dutsen nan mai ƙofa, ruwa shuɗi a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya ci karo da shi ya kai rahoto, ya kuma tura wa 'yan uwansa wannan saƙo.