Takardar alminiyam ko farin soso: wanne za a sa a rufin shagon kwantena?

Malam, tsakanin takardar alminiyam mai sheƙi da farin soso (irin wanda ake zagaye sabon firji da shi a cikin kwali) da ka tambaya a kansu saboda shagonka na kwantena, shawarata ita ce ka sayi alminiyam ka sa a rufi, amma da sharaɗi guda wanda idan ba a cika shi ba kuɗinka sun tafi a banza.

Zafin da ke addabar kwantena a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da Katsina take haura digiri 40, mafi yawansa daga sama yake saukowa. Ƙarfen rufin yana shan rana tun hantsi har ya kai digiri 60 ko fiye, daga nan sai ya riƙa feso zafin a kan duk abin da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda mutum yake jin wutar maƙera a fuskarsa alhali bai taɓa ta ba. Alminiyam mai sheƙi yana mayar da kusan kashi 95 cikin 100 na irin wannan zafi, shi ya sa masu ƙananan jiragen ruwa a ƙasashe masu zafi suke toshe tagogin ɗakunan jiragensu da shi idan rana ta take.

Sharaɗin shi ne a bar tazarar iska ta kusan inci ɗaya tsakanin takardar da ƙarfen rufin. Idan aka manna ta a jikin ƙarfen kai tsaye sannan aka danne ta da silin, ba ta da sauran amfani, domin alminiyam yana ɗaukar zafi da sauri idan ya haɗu da abu mai zafi jiki da jiki. Ka sa kafinta ya fara jera siraran katako a ƙarƙashin rufin, ya shimfiɗa takardar a kansu, ya sake jera wasu katakon, sannan ya buga silin na filawud. Ka nemi mai sheƙi a fuska biyu, saboda ƙurar hunturu za ta kwanta a fuskar da ke kallon sama ta dushe ta, amma wadda ke kallon ƙasa za ta ci gaba da aikinta shekara da shekaru.

Haka aka yi wa shagona na kayan masarufi da ke wajen Ƙofar Ƙaura. A da, man shafawa da alewa narkewa suke yi a kan kanta ta sama, yaron shagon kuma yakan koma gindin dalbejiya daga azahar har la'asar, mai saye ya zo sai ya ƙwala masa kira. Yanzu ina iya ɗora tafin hannuna a kan silin da tsakar rana in bar shi, kuma wani dattijo tela da muke maƙwabtaka ya mayar da bencin cikin shagon wurin hutawarsa bayan sallar azahar, yana cewa ya fi ɗakinsa daɗin zama. Ba sanyi takardar take kawowa ba, iskar ciki ba za ta fi ta waje sanyi ba, sai dai wannan gashin da ke saukowa a ka ya ragu ƙwarai. Na kuma sa mai walda ya huda ƙananan tagogi biyu kusa da rufi don iska mai zafi ta sami hanyar fita.

Shi kuwa farin soso yana tare zafi, ba ruwansa da ƙura ko tazara, iyakar yabonsa ke nan. Sai ya yi kauri kafin a ji bambanci sosai, yana kama wuta da baƙin hayaƙi, fetur yana narkar da shi, ɓeraye kuma suna yin gida a cikinsa. Idan za ka sa na'urar sanyaya ɗaki, to a nan ne ya fi alminiyam, domin yana riƙe sanyi a ciki. In ba haka ba, ka rabu da shi.

Ka kula da wayoyin lantarki, domin wutar lantarki tana bi ta jikin alminiyam. A Ostareliya, tsakanin 2009 da 2010, matasa biyu sun rasu lokacin da ƙarfen da suke maƙala irin wannan takarda da shi ya huda wayar wuta, har gwamnatin ƙasar ta dakatar da amfani da ita a shirinta na gyaran gidaje. A kashe wuta kafin a fara aiki, a kuma zura kowace waya cikin bututun roba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa da suke sayar da leda mai launin azurfa da sunan alminiyam, kuma a kan farashinsa. Ka haska fitilar wayarka ta bayanta: idan haske ya ratsa, leda ce. Alminiyam na gaske idan aka lanƙwasa shi yakan tsaya a yadda aka bar shi, leda kuwa miƙewa take yi. Kada ka yarda da tsawon da aka rubuta a jikin naɗin, ka sa a warware a auna a gabanka. Rufin kwantena mai ƙafa 20 tsawonsa kusan mita 6 ne, faɗinsa kuma mita 2.4, wato kusan murabba'in mita 15, don haka ka sayi 17 ko 18 saboda hawan da gefuna za su yi wa juna, ka haɗa da salatif na alminiyam na rufe mahaɗa. Idan kuɗi sun yi saura, ka shafe bayan rufin da farin fenti kafin bazara ta shigo.