Bawul ɗin rage firesha da muka sa a bene, ra'ayina bayan amfani

Jama'a duk mai kula da ruwan gini mai hawa da yawa ya san matsalar nan, tanki na can sama, na hawan sama suna kukan ruwa ba ƙarfi, na ƙasa kuma firesha ta yi musu yawa har tiyon hita da na bayi suna ta fashewa. Dalilin dai kowace mita 10 ta tsawo tana ƙara firesha kusan ba 1 ne (ba, wato bar, shi ne ma'aunin firesha), to ka lissafa abin da ke sauka a kan fayif ɗin ƙasa.

A ginin da nake dubawa abin da na tarar shi ne an rufe get bawul (mai ƙofa a ciki da ke hawa da sauka in an murza) rabi wai don a rage ƙarfi. Wannan ba magani ba ne wallahi. Rufe shi rabi yawan ruwan da ke wucewa kawai yake ragewa, da an kashe famfuna duka cikin dare firesha ta koma yadda take, kuma shi get ba a yi shi don tsayawa rabi ba, cikinsa yana kaɗawa yana cinyewa har ranar da kake son rufewa gaba ɗaya ya ƙi. Bol bawul (mai ƙwallo a ciki) ma haka, buɗe ko rufe ne aikinsa. In dai daidaita gudun ruwa kake so gulob bawul ya fi, amma ko shi ba ya riƙe firesha in ruwa na tsaye.

Sai muka sa PRV, wato bawul ɗin rage firesha, na tagulla mai geji (agogon auna firesha), muka saita shi a ba 3. Gaskiya na ji daɗinsa, ko ana zuba ko ba a zuba allurar tana nan kusa da inda muka barta, ƙarar da fayif ke yi in an rufe famfo ta ragu sosai, yoyo ma ya tsaya.

Amma fa yana da shagwaɓa, ba ya son datti ko kaɗan, ɗan yashi ya maƙale a mazauninsa sai ka ga geji na hawa a hankali, dole ka sa rariya a gabansa kana wankewa. A duba kibiyar jikinsa kar a ɗaura shi a juye, kuma kar a sayi wanda ya fi buƙata girma don in ruwa kaɗan ake ja sai ya riƙa ƙara. Na hawan sama kuma kar su sa rai, ragewa kawai yake yi, su injin turo ruwa suke buƙata.