A Ɗa'ifa ko maniyyin barewa sai an auna masa magani

'Yan uwa na gida, ina gaishe ku daga Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya. Aikina a nan taimaka wa likitan dabbobi ne a gonar wani attajiri da ke bayan gari, inda ake kiwon barewa da maha, wato farar dabbar nan ta hamada mai dogayen ƙahoni. Likitan Bahaushen Sudan ne, ɗan Mai Wurno, don haka da Hausa muke aiki.

Kwanakin baya maƙogwaro ya matsa mini, na shiga wata saidaliyya, wato kemis, na nemi amoxicillin. Mai sayarwa ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ina takardar likita? Kafin in buɗe baki ya yi mini nuni da hannu in matsa gefe, ya kira na bayana. Ga mutane cike. Wallahi hanawar ba ta yi mini ciwo kamar korar ba, don ba haka ya yi wa ɗan ƙasa da ya zo da irin buƙatata ba. Shi an yi masa bayani cikin mutunci. Dokar kuwa gaskiya ce. Tun 2018 aka tsaurara ta: wanda ya sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da takarda ba, tarar na iya kai riyal 100,000, ga ɗaurin wata shida da ƙwace lasisi. Sai da na je asibitin kuɗi, na bi layi, na biya abin da ya taɓa aljihu.

A makon nan ne muka ɗebi maniyyin wani namijin barewa da ya tsufa, don kada irinsa ya tafi da shi. Ana harba masa allurar barci, a kwantar da shi, a aske gashin wajen, a wanke, sannan a sa na'ura mai ɗan motsin lantarki. Abin da ke fitowa bai cika cokalin shayi ba. Duk da wankin nan ba ya fitowa tsaf. Akwai ƙwayoyin cuta na fata, da na ƙasa, da na fitsari, irin su E. coli da Pseudomonas. Ruwan da ake tsarma shi da shi kuma akwai kwaiduwar ƙwai da sukari a ciki, abincin maniyyi ke nan, abincin ƙwayoyin cutar ma ke nan.

Na ce, “Dakta, ai tunda za a daskarar da shi, sanyi zai kashe su.” Ya ce, “A'a, ɗan uwa. Sanyin da ya ajiye maniyyi da ransa, su ma zai ajiye su da ransu.” Ruwan naitirojin da muke nutsa 'yan bututun roba masu ɗauke da maniyyin a ciki sanyinsa digiri 196 ne ƙasa da sifili, amma ranar da aka narkar da bututun, tare za su farka. In aka zuba wa mace haka, ko ta kamu da ciwon mahaifa ko cikin ya ƙi shiga.

Shi ya sa ake sa magani. Tun wajajen 1950 ake zuba penisilin da streptomycin a maniyyin bijimai, daga baya aka koma haɗin gentamicin da tylosin da lincomycin da spectinomycin. To amma wannan awon na shanu ne. Namun daji kowanne da nasa hali, wanda bijimi ya jure ba lallai barewa ta jure ba. Na ga Dakta ya raba ɗigon nan kashi-kashi, kowane da awonsa na gentamicin, ya ce in leƙa madubin ƙara girman abu. Na farko suna ta ninƙaya, wutsiya na kaɗawa. Wanda aka cika wa magani kuwa rabi sun lafe, saura na jujjuyawa wuri ɗaya. Ya kuma shafa kaɗan a faranti ya ajiye a ɗumi, washegari ya duba wane magani ne ya hana ƙwayoyin cutar tsiro, wanne ƙwayoyin suka raina. Sai da ya gama wannan ya rubuta suna da rana a jikin kowane bututu.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Ɗigon da bai cika cokali ba, ana yi masa awo da gwaji da rubutu. Mu kuwa a gida yaro ake aika kemis da naira ɗari biyu ya sayo ja da yalo guda biyu, a watsa baki kamar gyaɗa. Mura ampiclox, gudawa flagyl, in an ji sauƙi kwana biyu a ajiye saura don wani. A tasha mai talla na yawo da su a tire rana na dukansu. A ruga kuma a ɗirka wa saniya teramaisin da safe, da yamma nononta na kasuwa. Sannan mu ce maganin yanzu ba shi da ƙarfi. Ba ƙarfi ya rasa ba, ƙwayoyin ne muka koya wa jure shi. Dakta ma yana kokawa cewa a farantinsa penisilin ya daina aikin da aka san shi da shi.

Mutanen nan ba da wasa suka kai haka ba. Maha ta ƙare ƙaf a daji a 1972. A 1986 aka buɗe cibiyar binciken namun daji kusa da garin nan, garken maha da aka kawo ya kamu da tarin fuka, aka yi watanni ana ba su irin magungunan da ake ba mutum, rifampicin da isoniazid da ethambutol, ana raba 'ya'ya da iyaye ana shayar da su da hannu. Yau maha na kiwo a gandun Mahazat as-Said. Tsuntsun hubara, ɗan uwan tujenmu, da barbarar zamani suke yaɗa shi. Damisar Larabawa da ba ta kai 200 a daji ba, ita ma a nan Ɗa'ifa ake hayayyafa ta.

Mu ina zakunan Yankari? Saura ƙalilan. Jimina da barewa da kakanninmu ke ba da labari, yanzu da wuya a gan su in ba a gidan zu ba. Muna da masana, a Shika an daɗe ana barbarar zamani ga shanu, amma naitirojin sai da wuta da kuɗi, kuma wa zai ware kuɗi don irin damisa?

Kada ku ɗauka daɗi muke ji. Barewa a nan tana da likita dare da rana, lebura kuwa in iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, asibiti ma tsoron shiga yake. Sanyin Ɗa'ifa in ya sauko ina tuna hunturun Zariya, da kunun tsamiya da ƙosai a bakin titi, da mai kemis ɗin unguwarmu da zai tambayi lafiyar mahaifiyata kafin ya tambayi abin da ya kawo ni. Wannan gaisuwar babu ita a nan. Ina so ya riƙe ta, amma ya daina yanka katin magani yana sayar da biyu-biyu.

Yaya Malam, in ka je ruga ka gaishe mini da Baffa. Ka karanta masa jikin kwalbar allurar nan da yake yi wa shanu. An rubuta kwanakin da ba a shan nono ko yanka dabba bayan an yi ta, ya daure ya cika su.